Biyu Na Gani, Goma Sha Biyu Na Rubuta

Duk ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai ɗalibai biyu ko uku sun biyo ni ofis. Maganarsu ɗaya ce: "Baba Lawal, a ɗan riƙa ba mu aikin duba kaya idan an yi hutu." In na tambaye su me suka sani game da aikin, sai wani ya ce ai ba wani abu ba ne, ka je masana'anta, ka ɗauki hoto, ka sa hannu, a biya ka. Wanda ya faɗa min haka makon jiya likitanci yake karantawa, na ce masa Allah Ya sa ba haka zai riƙa duba marasa lafiya ba. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa zan rubuta muku sau ɗaya, wanda ya ga dama ya karanta.

Ga yadda sana'ar take. Mai kaya yana Kano ko Maraɗi ko Kumasi, kayansa suna nan Guangzhou. Ba zai iya zuwa ba, ko kuma ya zo ɗin amma bai san abin da zai duba ba. Sai ya ɗauke ni in zama idonsa. In je in gani kafin a rufe kwantena, in rubuta takarda cewa abin da aka ce an yi shi aka yi. Idan kayan ɗan kasuwa ne, takardar tana tsayawa tsakanina da shi. Idan kuwa kayan aikin gwamnati ne, wannan takardar tawa ita ake jira a ma'aikata kafin a saki kuɗi. Mutum biyar ko shida za su sa hannu bayana, kuma babu ɗaya cikinsu da zai taɓa ganin ƙofar masana'antar.

Kayan aikina ba su da yawa, duk jaka ɗaya ke ɗauke su. Akwai tef na awo, da tocila, da maganaɗisu na gane ƙarfen da aka yi wa fenti ana kiransa wani abu dabam, da ƙaramin sikeli, da ma'aunin kauri, wani ɗan ƙarfe mai baki kamar awartaki wanda kake matse abu da shi ya gaya maka kaurinsa. Sai littafi da jan biro. Wayar da kuke taƙama da ita ita ce ta ƙarshe, domin hoto abin da aka juya maka kawai yake ɗauka.

Aikin farko da aka aike ni ni kaɗai na takalma ne, a Zhanxi Lu, kasuwar takalma ta garin nan. Maigidana a lokacin Alhaji Issaka ne, mutumin zangon Kumasi, mai tura kaya, Allah Ya jiƙansa. Kwali ɗari uku ne na takalman maza. Na buɗe guda goma, komai tsaf, na dawo ina jin kaina. Bai ko ɗago daga abincinsa ba ya ce, "Ɗan Kano, wa ya zaɓa maka kwalin da ka buɗe?" Na ce su suka miƙo min. Ya wanke hannu, ya sa ni gaba muka koma. Da girmansa da tumbinsa ya haye can ƙuryar sito, ya sa aka zaro kwalin da mai kantin ya jingina wa baya. An rubuta lamba arba'in da uku a jiki, abin da ke ciki kuwa ko ɗan shekara goma sha biyu sai ya matse shi. Ya ce, "Wanda aka miƙo maka ba shi ake dubawa ba. Wanda aka tsaya a gabansa ana maka dariya, shi za ka ce a ɗauko." Shekara huɗu na yi a ƙarƙashinsa. A Shiling, kasuwar jakunkuna, ya koya min jan zif ɗin jaka sau ashirin kafin in yarda da shi, da sansana fata in gane ta roba. Ya koya min cewa idan laoban, wato maigidan masana'anta, ya ce "meiyou", babu, to sau da yawa akwai, ba ya so ka gani ne.

Littafin dai ba daga Issaka na samo shi ba, daga babana ne. Babana akawu ne a ofishin ayyuka na gwamnatin Turawa, a wani babban garin lardi da ba sai na faɗi sunansa ba. Saurayi ne lokacin, rubutunsa kamar an buga da inji, kuma kyan rubutun ne ya ja masa. Injiniyan ofishin wani Bature ne da suke kira Mai Lofe. An ba su aikin kwalbati bakwai a wata hanyar kasuwa. Da damina ta kankama hanyar ta ɓaci, Mai Lofe ya daina fita. Ƙarshen kowane wata sai shugaban leburori ya aiko da saƙon baka cewa an gama kaza, Bature ya ce a rubuta, babana ya rubuta da kyan hannunsa, Bature ya ɗan ja wani abu a ƙasa, a aika hedikwata. Can ma su kwafa cikin nasu rahoton, a saki kuɗi da siminti. Haka har takarda ta nuna an gama bakwai ɗin. Da rani ya yi mai binciken kuɗi ya zo, shi kuwa ya hau doki ya bi hanyar da kansa. Kwalbati uku ya ƙirga. Sauran huɗun ramuka ne aka gitta musu itace. Mai Lofe ya riga ya tafi hutu ƙasarsu bai kuma dawo ba, shugaban leburori ya yi layar zana. Abin da ya rage a ofis shi ne rubutun babana, wata bayan wata. Ya yi wata shida a gidan yari, aka kore shi daga aiki.

Bayan nan ya koma Kano yana riƙe wa masu atamfa lissafi. Duk littafin da ya saya, kafin ya rubuta komai sai ya ɗauki rula da jan tawada ya raba kowane shafi biyu. A saman ɓangare ɗaya ya rubuta "na gani", a ɗayan ya rubuta "an ce". Har abin gida haka yake yi. Ko mahaifiyarmu ce ta ce ta sayi itace, in bai ga itacen da idonsa ba a "an ce" zai sa, ita kuma ta yi ta mita cewa ta zama maƙaryaciya a gidan mijinta. Muna yara muna masa dariya a ɓoye. Da na fara wannan sana'a sai na tsinci kaina ina jan layin, kuma sama da shekara goma ban taɓa tsallake shi ba.

Aikin da na tsallake shi a kai na bututun ruwa ne. Wani ɗan kwangila, Alhaji Garba, ya samu aikin kai ruwan famfo wani gari a wata jiha ta Arewa. Bututun roba ne masu kauri, irin waɗanda ake binnewa a ƙasa, kwantena goma sha biyu. Ya kamata ku san ko wane ne Alhaji Garba a wurina. Fiye da rabin aikin da nake samu a shekara nasa ne ko na waɗanda ya haɗa ni da su, kuma takardar zamana a ƙasar nan da wasiƙar kamfanin abokin hulɗarsa ake sabunta ta. In ya juya min baya, ba aiki kawai zan rasa ba, ƙasar ma zan bari.

Saura kwana kaɗan a tafi hutun sabuwar shekarar mutanen nan, lokacin da masana'antu ke rufewa kuma direbobi ke watsewa ƙauyukansu kusan wata guda. Alhaji ya zo da kansa daga gida, abin da bai saba yi ba. Muka yi tafiyar awa biyu a mota zuwa masana'antar. A harabar na tarar da kwantena biyu a buɗe ana lodi. Na shiga, na zaɓi bututu da kaina daga sama da ƙasa da tsakiya, na sa aka yanka guda uku a tsakiyarsu, domin akwai masu ƙara kauri a baki su bar ciki ba komai. Na matsa ma'auni. Daidai yake da abin da kwangila ta ce. Na rubuta a ɓangaren "na gani".

Sai na ce a kai ni wurin sauran goman. Laoban ya yi murmushi ya ce sun riga sun tafi tashar jiragen ruwa ta Nansha tun jiya, an rufe su, an buga hatimi. Jirgi zai rufe karɓar kaya gobe da rana. Ya ja mu ofis ya hau zuba mana shayi a 'yan kofunan nan nasu da ba sa cika baki.

Na ce to a ba ni takardun sikeli. Duk kwantenar da za ta fita daga masana'anta sai ta hau babban sikeli a bakin ƙofa an buga nauyinta. Laoban ya ce "meiyou". Na ce zan jira. Muka zauna, yana zuba shayi ina barinsa yana hucewa. Can dai wata ma'aikaciya ta kawo su. Na jera su a kan tebur. Adadin bututu ɗaya ne a kowace kwantena, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya. Amma kowace cikin goman ta gaza biyun da na duba da kusan tan biyu. Bututu ba ya rage nauyi sai an rage masa nama.

Laoban ya ce sikelin ne ke wasa wani lokaci. Na juya wurin Alhaji Garba na ce masa da Hausa, "Ranka ya daɗe, goman nan ba irin biyun nan ba ne. Mu je Nansha a buɗe ko da guda ɗaya."

Bai kalli takardun ba. A nan na gane cewa ba sabon labari nake ba shi ba. Ya ce, "Malam Lawal, in aka fasa hatimi a tasha kwana nawa za a yi kafin a sake rufewa?"

Na ce, "Uku ko huɗu."

"Jirgi ya tafi ke nan. Sai bayan hutu, sai bayan wata guda. Damina ta faɗi kafin kaya su isa, ba a haƙa rami, a ƙwace kwangila. Mutanen garin nan daga kududdufi suke sha. Kai za ka je ka gaya musu su ƙara shekara saboda sikelin wani ya yi gardama?"

Na ce sai in rubuta cewa biyu na duba.

Ya ce, "Takardar ma'aikata gurbi ɗaya gare ta. An duba ko ba a duba ba. In ka rubuta biyu ba za su saki ko sisi ba." Ya ɗauki ɗan kofinsa ya kurɓa, sannan ya ce, "Af, wata mai zuwa ne takardar zamanka za ta ƙare ko? Tuna min in yi wa mutanen nan magana."

Bai ɗaga murya ba, bai ɓata rai ba. Na buɗe littafina. A "na gani" na rubuta kwantena biyu, kauri daidai, da nauyin kowace cikin sha biyun kamar yadda takardun sikeli suka nuna. A "an ce" na rubuta cewa laoban ya ce goman irin biyun ne, sikeli ne ke wasa, kuma na gaya wa Alhaji Garba bambancin nauyi ya ce a bari. Na rufe littafin na sa a jaka. Sannan na jawo takardar ma'aikata, na cike gurbin, na rubuta goma sha biyu, na sa hannu, na buga tambarina. Tsoro ne ya sa ni, ba wani abu ba. Na dai gaya wa kaina cewa ai gaskiyar tana cikin littafi, kamar littafin ne za a binne a ƙasa a saki ruwa a cikinsa.

Wata tara ban ji komai ba. An sabunta min takarda, aiki yana ta zuwa. Duk lokacin da waya ta yi ƙara da lambar gida sai in yi jinkiri kafin in ɗauka. Sai ga hotuna sun fara yawo. An saki ruwa a garin, cikin 'yan makonni bututu ya fashe a wurare da dama, titi ya rufta a wani wuri, ruwa ya cinye katangar wasu gidaje. Aka rufe famfo, mutane suka koma kududdufinsu, yanzu kuma da ramuka a ƙofar gida. Jihar ta kafa kwamitin bincike. Wasiƙar gayyata ta same ni a nan ofis ɗin da kuke zuwa kuna shan min shayi.

Ina sauka Kano Alhaji Garba ya aiko mota. Ya karɓe ni hannu bibbiyu. Ya ce abin mai sauƙi ne. "Ka ce ka ga duka sha biyun da idonka, lafiya lau. Masana'anta ce ta musanya kaya bayan ka tafi. Wa zai taso daga can ya zo ya ƙaryata ka? Kai ka fita, ni na fita." Ya yi gaskiya, babu mai zuwa. Abu ɗaya ne a duniya zai iya ƙaryata wannan magana, kuma yana cikin jakata. In na nuna littafin, na tona Alhaji, amma na fara tona kaina, domin shi ne shaidar cewa ina sane na sa hannu. In na bar shi a jaka, na tsira da sana'ata.

Da safe kafin in kama hanyar jihar na shiga gaida babana. Ya tsufa ƙwarai lokacin, yana zaune a zaure a kan buzu, littafinsa da rula a gefe kamar kullum. Na ɗauka bai san komai ba, ashe ƙannena sun gaya masa. Bayan mun gaisa ya ce, "Lawwali, nawa ka gani?"

Na ce, "Biyu, Baba."

"Nawa ka rubuta?"

"Goma sha biyu."

Ni mai furfura a gemu, amma na ji kamar in nutse a wurin. Ya ce, "A littafin fa?"

Na ce a littafin na rubuta yadda abin yake.

Ya ce, "Ni ko ɗaya ban gani ba na rubuta bakwai. Da suka tambaye ni wa ya gaya min, ba ni da abin nunawa sai bakina, bakin akawu kuwa ba a sa shi a fayil." Bai ce min yi kaza ko kar ka yi kaza ba. Ya ce Allah Ya kiyaye hanya.

A zauren binciken na zauna ina sauraron waɗanda suka riga ni. Injiniyan ma'aikata ya ce shi da takardar mai duba kaya ya dogara. Akanta ya ce shi da sa hannun injiniya ya dogara. Mai kula da sito ya ce ya ƙirga bututu sun cika cif, kuma babu wanda ya ce masa ya auna kauri. Wanda ya sa ido a kan haƙa rami ya ce shi zurfin rami aka ba shi. Kowa ya yi aikinsa, kowa yana da takarda, kuma duk takardun a kan tawa suke zaune. Alhaji Garba yana layin gaba da lauyansa, ya waiwayo ya gyaɗa min kai.

Shugaban kwamitin wani dattijo ne, tsohon alƙali. Ya ɗaga takardar ya ce, "Malam, wannan hannunka ne?" Na ce nawa ne. Ya ce, "Ka ga kwantena goma sha biyun nan da idonka?"

Na ji ƙarar fanka, na ji wani yana tari a baya. Amsar da aka shirya min tana kan harshena, kalma ɗaya ce. Na sunkuya na zuge jakata, sai zif ɗin ya maƙale, ni da nake koya wa mutane duba zif. Na ce, "Ranka ya daɗe, biyu na gani." Na je na ajiye littafin a gabansa a buɗe.

Ya karanta ɓangaren farko, ya karanta na biyu, ya sa aka karanta da ƙarfi kowa ya ji, har da nauyin kowace kwantena da sunan wanda ya ce a bari. Sannan ya cire tabarau ya ce, "To kai da ka san duk wannan, me ya sa ka sa hannu?" Na ce tsoron rasa abinci. Ya ce a rubuta haka.

Abin da ya faru da Alhaji Garba tsakaninsa da hukuma ne, ba zan shiga ba. Ni dai an soke sunana daga masu duba kayan gwamnati, kuma har yau ba a mayar ba. An riƙe littafin a matsayin shaida. A nan Guangzhou labari ya riga ni isowa cewa Lawal yana tona asirin wanda ya ba shi aiki. Shekara biyu wayata ba ta yi ƙara ba. Sai da na koma Zhanxi Lu ina ƙirga kwalin takalma kamar ranar da na fara, wani ɗan Issaka ne ya tausaya ya tsaya min a kan takardar zama. Garin nan kuwa sai da suka ƙara shekara uku kafin su ga ruwa a famfo. Da na tsaya a kan a buɗe kwantena ɗaya a Nansha, da shekara ɗaya suka yi. Wannan lissafin ban daina yinsa ba.

Amma kafin in dawo, ranar da na baro zauren, gidan babana na fara zuwa. Na same shi inda na bar shi. Ya ce in faɗa masa tun daga farko. Na faɗa. Ya tambaye ni ko sun karanta ɓangarorin biyu duka, na ce duka, da ƙarfi, a gaban jama'a. Ya sa na maimaita wannan wurin. Ya ce shi shekara kusan sittin yana jan layin nan babu wanda ya taɓa cewa ya kawo a gani. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya kawar da kai yana laluben biro.

Ya jawo littafinsa ya buɗe shafin ranar, ya kusanto da shi dab da fuskarsa. Duk da tsufa, rubutun yana nan da kyansa. Ya rubuta cewa Lawwali ya kai musu littafin, ya faɗi gaskiya a gaban alƙali. Na ɗan leƙa ta kafaɗarsa in ga inda ya sa.

A ɓangaren "an ce" ya rubuta.